Zaren Inna a Jikin Motar Tsere

Tun da na dawo daga Umara mutanen tasharmu ba su bar ni na huta ba. Labarin Makka da Madina na ba su har muryata ta dushe, amma yanzu ba shi suke nema ba. Abin da ya tsone musu ido shi ne ɗan guntun farin zaren da na manna da salatif a jikin madubin motata. Wani ya ce laya ce na yo daga Saudiyya. Ɗan'azumi mai shayi kuwa cewa ya yi tsufa ne ya fara taɓa ni. To, ga labarin na rubuta shi gaba ɗaya, wanda ya sake tambayata sai in miƙa masa ya karanta, ni in ci gaba da lodina.

Sunana Haruna, direba ne ni, Malumfashi zuwa Kano, tun gemuna yana baƙi. Ina da wa, marigayi Yaya Sale, wanda ya tafi aikin hajji yana saurayi, ya samu aikin dako a tashar jiragen ruwa ta Jidda, ya yi zamansa. Can ya yi aure, can ya haifi ɗansa guda mai suna Majid, can kuma aka binne shi. Innarmu ba ta taɓa ganin wannan jika nata ba. Hoto ba ya yi mata amfani don idon ya yi rauni. In kuwa an kira waya, Majid sai ya ce "ina kwana" ko da yamma ce, ya yi maza ya miƙa wa uwarsa. Na san abin yana cin Inna, gani take dangin nan namu na Jidda sun riga sun manta da mu.

Inna gwanar kaɗi ce, irin ta dā, mai mazari da alli. Ta ɗora wa kanta wata al'ada: duk jikanta namiji, ita ke kaɗa zaren da za a kai wa masaƙi a saƙa ƙyallen rigar angoncinsa. Ana gobe zan tashi ta kira ni ɗakinta bayan la'asar, ta lalubo wani ƙulli a ƙarƙashin matashi. Dunƙulen zare ne, fari sol, siriri, babu ƙulli ko ɗaya a jikinsa.

"Wannan na Majid ne," in ji ta. "Da lalube na kaɗa shi, kuma daga shi na ajiye mazari, hannun ya ƙi. Ka damƙa masa hannu da hannu, ka ce na rigar aurensa ne in lokacin ya zo. Kuma Haruna, ka kalli fuskarsa sa'ad da zai karɓa. Ita nake so ka kawo mini."

Na ce to. A gabana ta naɗe mazarin a tsumma ta jefa shi cikin kwalla ta rufe.

Daga Kano muka tashi. Ban taɓa shiga jirgi ba, kuma aka rasa inda za a zaunar da ni sai jikin taga, daidai kan fiffike. Muna cikin tafiya jirgin ya ɗan yi gargada, na leƙa, sai na ga fiffiken nan yana lanƙwasa sama da ƙasa kamar faifai a hannun mai sheƙa. Ni da na san in ƙarfe ya fara rawa a mota to walda ta saki, sai na kama salati da ƙarfi. Wata Hajiya 'yar kasuwa da ke kusa da ni, wadda ta ce ta daina ƙirga zuwanta, ta dube ni ta ce, "Alhaji, haka aka yi shi, ranar da ya daina lanƙwasa ita ce ranar kuka." Ban yarda da ita ba, amma na rufe tagar.

A filin jirgi jami'in kwastan ya buɗe jakar tsarabata. Da ya kwance ledar daddawa sai ya ja da baya ya toshe hanci, ya ce, "Esh hada?" wato mene ne wannan. Na yi ta kwatanta masa miya da hannu, ina juya ludayin da babu. Sai da aka kira wani ma'aikaci ɗan asalin Hausa ya yi masa bayani. Daddawa ta wuce, kuka ta wuce, kilishi kuwa aka ce nama ba ya shiga, na bar shi ina waiwaye. Dunƙulen zaren ne ya fi ba su aiki. Jami'in ya matsa shi, ya girgiza shi a kunne, ya sa shi a na'ura ya fito. Ni dai idona na kansa, don na yi niyya in ya ce zai warware shi, to, sai dai mu kwana a nan.

Na yi Umarata lafiya, Allah Ya karɓa, sannan na gangaro Jidda, unguwar Nuzla, gidan matar Yaya, Hajiya Rabi. Ita haifaffiyar can ce, kakanninta ne suka taka daga Katsina. Unguwar a matse take, gida kan gida, lungu kamar na cikin birnin Kano. Kana tafiya sai ka ji an ce "fura, fura" da Hausa tsantsa, ka juya ka ga mai furar tana ba da canji da Larabci.

"Ahlan, ahlan, ƙanin miji!" in ji Hajiya Rabi tun daga bene. "Tafaddal, shigo. Kai, ashe kai ma ka tsufa! Ni da nake cewa in ka zo zan yi maneji da kai."

Na ce ai mota tsohuwa ta fi sanin hanya. Ta yi dariya har da tafi, ta ba ni ɗakin marigayi. Abincinsu bai ba ni wahala ba. Da safe wake ne dakakke da man zaitun, suna ce masa ful, da wata faffaɗar gurasa mai suna tamis da ake toyawa a jikin tanderu. Da rana shinkafa da kaza a tire guda, a zauna ƙasa a kewaye, kamar dai gida. Abin da na kasa sabawa da shi biyu ne: shayi a ɗan kofin da bai kai kurɓa uku ba, da gaisuwar maza ta goga kumatu. Maƙwabci na farko da ya nufo ni da fuska, na ɗauka raɗa zai yi mini, na miƙa masa kunne.

Ina isa na miƙa wa Hajiya Rabi jakar tsaraba gaba ɗaya, yadda muke yi, ba a tsayawa ana cewa ga na wane ga na wance a bakin ƙofa. Zaren yana ciki. Na ce a raina idan an natsu sai in karɓo shi in yi bayani, domin saƙon babba ba a isar da shi a tsaye. Sai an zauna, an gaisa, an tambayi na gida ɗaya bayan ɗaya, an yi wa mamata addu'a, sannan a ce "to, Inna ta ce." Abin da ban sani ba shi ne Majid ba ya zama.

Dogo ne, baƙi, goshin Yaya Sale sak. Ya shigo da gudu, ya sumbaci kaina, ya ce, "Baffa, sannu, sannu, marhaba," ya cusa gurasa a baki, ya fice. Washegari haka, jibi ma haka. Uwarsa ta ce injiniya ne, da rana yana aiki a wani kamfanin gyaran na'urorin sanyi, da ya tashi kuma sai garejin da shi da abokansa suke haɗa motar tsere, akwai gasa a gabansu. Duk sa'ad da na gyara murya zan fara, sai in ji "ba'den, Baffa, ba'den," wato sai an jima. Da na ga kwanakina suna ƙarewa, na ce masa to ni zan bi ka garejin.

A unguwar masu sana'a garejin yake, kudancin gari, tsakanin mai fenti da mai walda. Ana buɗe ƙofa na ga wani abu a ƙasa, dogo, baƙi, tsayinsa bai kai gwiwata ba, tayoyi a waje tsirara, ga wani faranti a gaba, ga wani a baya a ɗage. Na zagaya shi ina neman ƙofa.

"Ina fasinja ke zama?" na tambaya.

"Ma fi fasinja, Baffa, babu. Mutum ɗaya bas."

"Kaya fa?"

"Ma fi kaya."

Na ce ikon Allah, an tara injiniyoyi an ƙera motar da ba za ta iya kai mace ɗaya da buhun masara kasuwa ba. Majid ya fassara wa abokansa, suka yi ta dariya. Mai tuƙa motar, wani siririn saurayi mai suna Sami, ya ce in shiga in gwada. Na shiga har ƙugu na maƙale, babbar rigata ta cika ramin, sai da mutum biyu suka zare ni kamar ana cire ƙusa. Hular ma a ciki na bar ta.

Daga nan Majid ya shiga yi mini bayani, da Hausarsa ta tsinta-tsinta, da Larabci, da hannuwa. A nan na ga yaron da ba ya iya haɗa gaisuwa a waya yana zuba kamar rediyo. Abin da na fahimta shi ne, farantan nan fukafukai ne irin na jirgi, amma an kife su. Na jirgi iska ke ɗaga shi sama, na motar kuwa iska ke danna ta ƙasa, tayoyi su kama kwalta, ta sha kwana a guje ba ta fita ba. Sai dai fiffike in ya yi girma yana riƙe mota a miƙaƙƙiyar hanya. Wannan ban buƙaci fassara ba, duk wanda ya taɓa ɗaura katifu a saman mota ya san yadda iska ke riƙe ta tana shan mai. To duk rigimar injiniyoyin ita ce su samu iskar da za ta danna su a kwana, ta sake su a miƙe.

Masu shirya gasa kuma, in ji shi, suna kafa doka a kan komai, faɗin fiffike, tsayinsa, inda za a ɗaura shi, don kada gudun ya wuce hankali, kada kuma masu hali su cinye kowa. Su kuwa injiniyoyi ba abin da doka ta faɗa suke karantawa ba, inda ta yi shiru suke nema. Ya ba ni misali da manyan motocin nan da ke zuwa tsere a bakin tekun Jidda. An hana fiffike ya motsa, ana gwada shi ta hanyar ɗora masa nauyi mota tana tsaye. Sai wasu suka ƙera wanda zai ɗauki nauyin gwajin ƙyam, amma in mota ta ɗauki gudu iska ta fi ƙarfin wancan nauyi sai ya kwanta da kansa. Wasu kuma da aka hana sa na'urar da ke juya iska, sai suka huda rami a jikin motar, direba ya riƙa toshe shi da gwiwa a miƙaƙƙiyar hanya, suka ce ai direba ba na'ura ba ne. In shekara ta zagayo a toshe wannan kafar, su nemo wata.

Na ce, "Ashe ku ma 'yan tasha ne! Mu ma an ce mutum ɗaya a gaba. Sai mu ɗauki biyu, in mun kusa shingen jami'ai ɗaya ya sauka ya taka da ƙafa, mu ɗauke shi a gaba. Ai doka ba ta hana mutum tafiya a ƙasa ba."

Majid ya yi dariya har ya riƙe ciki, sannan ya kaɗa yatsa. "La, la, Baffa. Ku kuna ɓoye. Mu muna ajiye mota gaban alƙali, mu ce duba, auna, ga abin da muka yi. In ya ce mamnu', haramun ne, shi ke nan, mu cire."

Sai ya nuna mini tasa dabarar. Dokar gasarsu ta ce dole mota ta zama da madubi biyu, kowanne a kan sanda. Ba ta faɗi siffar sandar ba. Shi kuwa ya mayar da sandar mai faɗi, lanƙwasasshiya, ƙaramin fiffike ke nan da sunan sandar madubi. Ya ce tayoyin gaba suna dagula iska, ta isa fiffiken baya a hargitse, ita wannan sanda za ta taje ta kafin ta isa. Kwamfuta ta ce abin zai yi, amma sai an gani a kan hanya, kuma gobe da safe za su gwada. Na buɗe baki zan ce to mu zauna akwai saƙo, wani ya ƙwala masa kira daga ƙarƙashin motar. Na haƙura, na ce gobe in an gama gwaji, ko ya ƙi ko ya so sai ya zauna.

Da asuba ya fita, ya bar sallahu uwarsa ta kawo ni. Ban gane ba sai da na ga Hajiya Rabi ta fito da makulli. Ni Haruna, da na tsufa a kan sitiyari, matar yayana ta ɗauke ni a mota! Kuma ba ta wasa. Titunan Jidda faɗi gare su, kowa yana gudu kamar an biyo shi, ita kuma tana tuƙi tana ba ni labarin maƙwabta da hannu ɗaya. Ni ina ta taka birkin da babu a gefena. Ta lura ta ce, "Ƙanin miji, kada ka huda mini mota."

Filin gwajin yana bayan gari, fili fetal ba inuwa. Tun daga nesa na hango motar ta sauya kama, kamar kazar da aka fara figa aka fasa. Da na matso sai na ga guntayen zare ne, kowanne tsawon yatsa, an manna su da salatif jere-jere tun daga madubi har fiffiken baya. Fari sol, siriri. Na sunkuya na kama ɗaya na murza. Na tashi a gindin mazarin nan, ko a duhu na san murɗin hannun Inna. A kan tebur kuwa ga abin da ya rage na dunƙulen, bai fi ƙwan kaza ba, da almakashi a gefensa.

Na juya na nemi Majid. Na ce, "Majid, ina ka samo wannan?"

"A kicin, Baffa, cikin tsaraba. Mumtaz ne, babu kamarsa! Na kanti yana da nauyi, kuma yana tsefewa in iska ta buge shi. Wannan marar nauyi ne, kyamara tana ganinsa sarai. Da shi muke ganin inda iska ke bi."

Hajiya Rabi ta dafe ƙirji. Ta ce ita ta ɗauka na ɗaure kayan miya ne, shi ya sa ta ajiye shi tare da kuka.

Raina ya ɓaci ƙwarai, amma na rasa wanda zan ɗora wa. Saƙon da na yi ta adanawa don a zauna a kan darduma, a nan na isar da shi a tsaye, cikin rana, inji yana ruri a bayanmu. Na gaya masa wadda ta kaɗa shi, da yadda ta kaɗa shi da lalube, da rigunan 'yan'uwansa na gida, da mazarin da ta rufe a kwalla. Inda Hausa ta fi ƙarfinsa uwarsa ta juya masa. Inna ta ce in kalli fuskarsa, na kuwa kalla. Yaron nan sai ya tsuguna a gefen taya, ya ɗauki ragowar dunƙulen da hannu biyu. Can ya miƙe ya kai hannu zai fara ɓanɓare zaren daga jikin motar.

Na riƙe hannunsa. Na ce, "Bari. In ka cire ma ba zai koma dunƙule ba. Tunda an yanka, a bar shi ya yi aikin da aka yanka shi dominsa."

Sami ya shiga, aka ɗaure shi, ya fita da wata ƙara da ta sa na toshe kunne. Ya yi ta zagaye, yana wuce mu kamar an harba shi. Da ya dawo duk muka taru a kan kwamfuta ana kallon abin da kyamarar jikin motar ta ɗauko. Ni dai iska ban taɓa ganinta ba sai ranar. Zaren nan duk ya kwanta ya miƙe, layi-layi, daga sandar madubi ya lanƙwasa ya nufi fiffiken baya, kamar an taje shi. Wuri ɗaya ne kawai, bayan kafaɗar direba, 'yan guntaye suna ta rawa suna juyi. Majid ya ɗora yatsa a wurin ya ce nan iska ta rikice. Suka ɗan karkata sandar, Sami ya sake fita, da ya dawo masu rawar ma sun kwanta. Samarin suka kaure da ihu, ni ma na tsinci kaina ina cewa mashallah.

Alƙalin awo na gasar yana wurin ranar, wani dattijo mai gilashi a kan hanci. Majid ya ja shi da kansa ya nuna masa sandar. Dattijon ya auna ta tsaye, ya auna ta kwance, ya duba madubin ya ga ana ganin baya. Ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya ce bana ta wuce, amma baɗi zai tabbata an rubuta cewa sanda ta zama sanda. Majid ya yi godiya, sai dai ko murmushi bai yi ba, ragowar zaren tana aljihun rigarsa yana dafe da ita.

Da muka koma gefe na ce masa ya kwantar da hankali, na samo mafita. "Zan ce wa Inna ka karɓa da hannu biyu, gaskiya ne. Zan ce ka yi amfani da shi a kan abin da ka fi so, shi ma gaskiya ne. Riga kuwa, ai ba ta ce yau za a saƙa ba. Ka ga ban yi ƙarya ba."

Ya dube ni ya girgiza kai. "Baffa, wannan fasinjan da ke sauka kafin shinge ne. Ba ni lambar."

Hajiya Rabi ta zaro ido, don ta san ɗanta da gudun waya. Ya ce tun yana ƙarami in ya yi Hausa baƙi daga gida suke dariya, shi ya sa yake jin kunya, amma yau ko za a yi dariya sai ya faɗa da bakinsa. Na kira ƙanwata da ke zaune da Inna, aka kai mata wayar, na buɗe murya kowa ya ji.

"Inna, ni ne Majid. Ina kwana." Rana ta take tsaka, amma ba wanda ya gyara masa. "Inna, zare naki, na yi laifi. Ban sani ba. Na yanka shi ƙanana-ƙanana, na sa a mota, don in ga iska. Saura kaɗan. Ki yi haƙuri, Inna."

Sai muka ji Inna ta ce, "Motar gudu take yi sosai?"

"Sosai, Inna. Ta fi ta Baffa."

"Da iskar ta buge shi, ya warware?"

"La, Inna, ko ɗaya. Na kanti ya warware. Naki bai warware ba."

Ta ce, "Uhm." Sannan ta ce a ba ni. Na kara a kunne, abin da ta ce kawai shi ne, "Haruna, sai ka dawo," ta miƙa wa ƙanwata.

Wannan "uhm" ɗin ya hana ni sakewa har na bar Jidda. Hajiya Rabi ta kai ni Balad, tsohon gari mai gidajen dutse da tagogin katako, na sayi dabino da turare da darduma, amma raina yana Malumfashi. Ranar tafiya Majid ya kai ni filin jirgi da kansa, ya ɓanɓaro guntun zare ɗaya daga jikin motar ya ba ni, ya ce in sa a tawa in riƙa ganin iska. A jirgi kuma aka sake ba ni taga kan fiffike. Wannan karon na bar ta a buɗe, har na yi wa maƙwabcina bayanin dalilin da ya sa yake lanƙwasa, shi kuwa barci yake ji.

Na isa gida da hantsi, na yi sallama ina shirya kalmomin ban haƙuri. Inna tana zaune a tsakar gida a kan tabarma, kwallar nan a buɗe a gefenta, yatsunta fari fat da alli, mazari yana juyawa a cikin tasa. A hankali yake juyawa, yana tsayawa tana sake murza shi, amma yana juyawa.

Muka gaisa, na zauna, ta tambayi na can ɗaya bayan ɗaya, muka yi wa Yaya Sale addu'a. Sannan ta ce, "To, fuskar fa?"

Na ce, "Inna, ta Yaya ce sak. Da ya ji naki ne, tsugunawa ya yi ya ɗauki ragowar da hannu biyu."

Ta goge ido da gefen mayafi, ta ci gaba da murza mazarin. "Muryar ma tasa ce," in ji ta. "Jikokina na nan duk na yi musu zare, kowa ya sa rigar rana ɗaya ya ninke a akwati. Wannan ne kaɗai ya saka zarena a aiki, har ya kira ni ya ce ya fi na kanti." Ta miƙo mini sauran audugar da ke cikin kwando. "Wannan ba za ta isa ba, gobe in za ka Kano ka tsaya ka auno mini. Kashi biyu zan yi, siriri na motar, mai kauri na rigar. Na motar ka aika masa. Na rigar kuwa ka gaya masa ba na aikawa, sai ya zo da ƙafarsa ya karɓa a hannuna."

Na kira shi a take na faɗa masa. Ya ce in gaya mata da an gama gasa yana tafe, kuma ya fara koyon gaisuwar yamma.